Taron Tsintsiya Ba Shara: Inda Malaman Lissafi Ke Kuskure Wajen Aiki Tare

Duk makarantar sakandaren da ke da malaman lissafi uku ko huɗu, da wuya a rasa abin da ake kira taron sashe a cikinta. Ana yin sa a farkon zangon karatu, wani lokaci kuma dab da jarrabawa. Shugaban sashe ya karanta sanarwa, a raba azuzuwa, a tuna wa kowa ranar miƙa tambayoyi, a yi ƙorafin ƙarancin alli, a sa hannu a takardar halarta, a watse. Ka tare ɗaya daga cikin malaman a baranda bayan an tashi, ka ce, "Malam, yaran nan na SS2 za su iya kuwa?" Abin da za ka ji shi ne, "Kai dai bari. Waɗannan sai addu'a."

Wannan amsa ta baranda ita ce abin da masana ilimi suka daɗe suna aunawa. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya nuna cewa mutum na tsayawa kan aiki mai wuya gwargwadon yadda ya yarda zai iya, kuma jama'ar da ke aiki tare su ma suna da irin wannan yarda ta tarayya. A makaranta, ma'anarta ita ce amsar da malamai ke bayarwa a zuciyarsu idan aka ce: mu ɗin nan, a haɗe, da yaran da muke da su da kayan da muke da su, za mu iya koyar da su? A shekarar 2000, Roger Goddard da Wayne Hoy da Anita Woolfolk Hoy sun auna wannan a makarantun firamare 47 na wani babban birni a Amurka, suka ga makarantun da malamansu ke da ƙwarin gwiwar tarayya sun fi samun sakamako mai kyau a lissafi da karatu.

Bandura ya ce ƙwarin gwiwa na da maɓuɓɓuga huɗu: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, ganin wani irinsa ya yi nasara, ƙarfafawar baki daga wanda ya yarda da shi, da yanayin da zuciyarsa ke ciki lokacin aikin. Ta farko ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. A nan ne yawancin sassan lissafi a makarantunmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, suke yin tuntuɓe. Suna zama tare, amma zaman ba ya haifar da wata nasara da za su nuna da yatsa su ce wannan mu muka yi ta.

Zama ba tare da takardun yara a gaba ba

Wannan shi ne uwar kurakuran. Malamai huɗu sun zauna suna magana a kan ɗalibai, babu rubutun ɗalibi ko ɗaya a kan teburi. Kowa na faɗin abin da yake zato. Wannan ya ce ba su iya aljabra ba, wancan ya ce lalaci ne, a tashi kamar yadda aka zauna. Masaniyar ilimi Judith Warren Little, a 1990, ta kasa hulɗar malamai gida huɗu: hira da ba da labari, taimako idan an roƙa, musayar kayan aiki, sai aikin haɗin gwiwa na gaske, inda sakamakon ɗaya ya rataya a kan na ɗan'uwansa. Tarukanmu sun fi tsayawa a gida na farko. Bahaushe ya san bambancin zaman majalisa da aikin gayya: a gayya akwai gona, akwai kunya-kunyar da za a ƙirga da yamma.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A zaɓi maudu'i ɗaya da duk azuzuwan aji guda suke kai. A rubuta tambayoyi biyar, waɗanda za a amsa cikin minti 10, kowace tambaya an gina ta ne don ta kama wani kuskure sananne. Kowane malami ya ba ajinsa a mako ɗaya, ba tare da an ce gwaji ne mai maki ba, don kada yara su kwafi juna. A ranar zama, kada a kwaso takardu 180 na azuzuwa uku a jibge. Kowa ya ɗebo 10 daga ajinsa ba tare da zaɓe ba, a naɗe sunayen, a gauraya su. Sannan a ɗauki tambaya ɗaya, a kasa takardun tsibi-tsibi bisa irin amsar da yaro ya bayar.

A ce tambayar ita ce 1/2 + 1/3. Za a samu tsibin masu 5/6, waɗanda suka yi daidai. Za a samu tsibin masu 2/5, waɗanda suka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Za a samu masu 1/6, da suka ninka maimakon tarawa, da masu 2/6, da suka gano 6 amma suka bar saman yadda yake suka tara. Kowane tsibi cutarsa daban, maganinsa daban. Mai 2/6 ya kusa isowa, tunatarwa kaɗan yake buƙata. Mai 2/5 kuwa bai ma ɗauki rabi a matsayin lamba guda ba, gani yake lambobi biyu ne aka ɗora a kan juna. Shi wannan sai an tambaye shi: kana da rabin biredi, aka ƙara maka sulusi, ya za a yi abin da ke hannunka ya koma ƙasa da rabi? Domin 2/5 bai kai rabi ba. Malamin da ya yi wa dukkansu jan biro iri ɗaya ya rubuta sifili, ya zubar da duk wannan bayani.

Minti 40 sun isa, wato tsawon darasi ɗaya. Biyar na farko a raba takardu, 15 a kasa su, 15 a tsayar da abin da za a canza a koyarwa, biyar na ƙarshe a rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe. Sanarwar ofis ba ta da gurbi a ciki. A tura ta ta waya.

Ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin zango

"Bana za mu gyara sakamakon WAEC." Buri ne mai kyau, amma sakamakon ba zai fito ba sai bayan watanni, kuma in ya fito ba wanda zai iya cewa ga abin da ya jawo shi. Ƙwarin gwiwa na son nasarar da za a gani kusa. A ɗauki abu ƙarami da za a kammala cikin mako shida: makon farko gwaji, na biyu zaman kasa takardu da tsara darasi ɗaya tare, na uku malami ɗaya ya koyar saura su kalla, na huɗu a gyara darasin sauran su koyar a azuzuwansu, na biyar a sake gwaji da tambayoyi masu kama da na farko amma an canza lambobin, na shida a zauna a kwatanta tsibin farko da na yanzu. Zagaye biyu a zango ya isa. Wanda ya ce zai yi huɗu, ba zai gama ko ɗaya ba.

A kula da kuskure ɗaya a nan: maimaita ainihin tambayoyin farko a gwaji na biyu. Yara za su haddace amsa, tsibin daidai ya kumbura, malamai su yi murnar banza.

Kowa da bakinsa a gaban allo

Ɗalibi ɗaya yakan ratsa hannun malaman lissafi uku zuwa shida kafin ya gama sakandare, kuma kowannensu da salon maganarsa. Mafi ɓarna a ciki ita ce ƙa'idar nan da muke so don saurinta: "In ya tsallaka, ya canza alama." A 2x + 3 = 11 tana aiki, 3 ya tsallaka ya zama −3, a samu 2x = 8. To daga nan fa? Yaro mai biyayya zai tsallakar da 2 shi ma. Wani ya rubuta x = 8 − 2, ya samu 6. Wani ya tuna ana rabawa, amma ya canza alamar kamar yadda aka koya masa, ya raba 8 da −2 ya samu −4. Duk biyun ba su yi wa malaminsu gardama ba, abin da aka gaya musu suka bi.

Haka "ɗebewa biyu suna zama tarawa." Gaskiya ne a 3 − (−5) = 8. Amma yaro zai kai ta −3 − 5 ya ba ka 8, alhali −8 ne. Haka masu rubuta (a + b)² = a² + b², waɗanda sa 2 da 3 a gurbin haruffan kawai zai nuna musu 25 ba 13 ba ne. Haka mai raba x² = 5x da x ya tsira da 5 kaɗai, ya jefar da sifili.

Abin da sashe zai yi shi ne ya zauna ya fitar da takarda ɗaya, shafi ɗaya tak, mai ɗauke da maganganun da aka daina faɗa da waɗanda suka maye gurbinsu. Maimakon tsallakawa, a ce abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama, kamar sikelin mai awo. A rubuta −3 a ɓangarorin biyu a kan allo, ko da zai ci layi ɗaya ƙari. Za a samu tsohon hannu da zai ce shekara ashirin yana koyar da tsallakawa kuma ɗalibansa sun ci jarrabawa. Kada a yi musu da shi. A ajiye masa tsibin masu −4 a gabansa ya duba da kansa.

Taron da ya koma zagin yara da iyayensu

Wannan shi ke kashe ƙwarin gwiwa da sauri fiye da komai, kuma abin takaici, shi ya fi daɗi a baki. Yaran nan talla suke yi. Iyayensu ba su damu da boko ba. Da safe makaranta, da yamma Islamiyya, da dare shago. Duk gaskiya ne a wurare da yawa. Amma duk minti ɗaya da aka ɓata a kan abin da ba ya hannun malamai, ƙara tabbatar musu yake yi cewa ba su da abin yi. Sashen da ya saba da wannan hira zai fita daga kowane taro da rauni fiye da yadda ya shiga, duk da cewa an haɗu, an yi raha, har an sha shayi.

A ja layi a tsakiyar allo. Hagu: abin da ba mu da iko a kai. Dama: abin da ke hannunmu daga ƙararrawar shiga zuwa ta tashi. Duk ƙorafin da ya zo a rubuta shi a hagu cikin kalma biyu, a wuce. Ba a hana kowa faɗa ba, an dai hana zama a kai.

Sau da yawa ma abin da muke kira rauni, in an duba, ƙarfi ne da ba a yi amfani da shi ba. Yaron da ke taya mahaifinsa ciniki a kasuwar Mile 12 zai gaya maka ribar kwandon tumatir da ka, kafin ka laluba kalkuleta. Ka ce an sayi kwando naira 40,000 an sayar 50,000, nan take zai ce ribar dubu goma ce. Inda yake faɗuwa shi ne kashi nawa cikin ɗari: zai raba 10,000 da kuɗin sayarwa ya ce 20, alhali da uwar kuɗi ake rabawa, amsar 25 ce. In aka juya tambayar, an sayar 50,000 da ribar kashi 25, nawa aka saya, sai ya cire kashi 25 na 50,000 ya ce 37,500. Wannan yaro ba dolo ba ne. Abu ɗaya ya ɓace masa, wato a kan wane kuɗi ake ɗora kason, kuma darasi biyu da aka tsara da kyau za su iya gyara shi.

Sai batun harshe, wanda a Legas ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibi na Hausa a gida, Yarabanci da buroka a layi, Turanci a aji. Tambaya ta ce "5 less than x", ya bi kalmomin yadda suka jeru ya rubuta 5 − x, alhali x − 5 ake nufi. Malamin da bai lura ba zai sake koyar da aljabra daga farko, a banza. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: a ba da tambaya ɗaya sau biyu, sau ɗaya da alamomi zalla, sau ɗaya da jimlar Turanci. Duk wanda ya ci ta farko ya faɗi ta biyu, matsalarsa karatu ce. Irin waɗannan, a bar su su fara faɗin abin da tambayar ke nema da Hausa ga na kusa da su kafin su rubuta, kuma a gayyaci malamin Turanci zama ɗaya a zango, a ba shi jerin kalmomin da ke kayar da yara.

Akwai kuma ɗora laifi a kan na ƙasa. A makarantun gwamnatin Jihar Legas, ƙaramar sakandare da babba kowace da firinsifal ɗinta, ko da suna harabar guda. Malamin SS1 na cewa na JSS3 ba su koyar da komai ba, shi kuwa bai taɓa zama da su ba, ga shi katanga ɗaya ce ko ma babu tsakaninsu. Zama ɗaya a farkon shekara, da takardun gwajin sababbin 'yan SS1 a hannu, ya fi shekara guda ta gunaguni.

Kallon darasi ya zama zuwan sufeto

Japanawa sun shafe sama da shekara ɗari suna abin da suke kira nazarin darasi: malamai su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, saura su kalla, a zauna a tattauna. Mu idan muka ara, sai mu ɗauko takardar da jami'an duba makarantu ke cikewa, mu zauna a bayan aji muna ba abokin aikinmu maki a kan shigarsa da muryarsa da tsabtar allonsa. Sau ɗaya za a yi wa mutum haka ya rufe ƙofarsa.

Ido a kan yara ake sawa. Darasin na sashe ne, tunda tare aka tsara shi, in ya faɗi kowa ya faɗi. Kowane mai kallo a ba shi ɗalibai uku da zai bi, ɗaya mai ƙoƙari, ɗaya matsakaici, ɗaya mai rauni. Ya tsaya kusa da su ya rubuta abin da suka rubuta, da minti nawa aka yi kafin suka ajiye biro, da abin da suka raɗa wa juna. Ba ya gyara musu, ba ya tsoma baki. A zaman bayan darasi, wanda ya koyar shi ke fara magana. Kuma akwai bambanci tsakanin a ce, "Malama, bayaninki bai fito ba," da a ce, "Malama, yarinyar da ke layi na uku ta zana kusurwar daga gabas maimakon daga arewa, kuma na kusa da ita biyu sun bi ta." Ta farko hukunci ce, ta biyu abin aiki. Shugaban sashe shi ya kamata ya fara buɗe ajinsa, kuma ya zaɓi maudu'in da shi ma yake ba shi wuya. Firinsifal kuwa, a zagayen farko, gara ya yi haƙuri ya zauna a ofishinsa.

Ɓoye inda ɗaki ke yoyo

Kusan kowane malamin lissafi na da maudu'in da yake tsallakewa ko ya bi ta kansa a guje. Wani lissafin layukan taswirar duniya ne, wani ƙa'idojin da'ira, wani zane da kamfas, wani lissafin yiwuwa. A makarantu masu zaman kansu ma da yawa daga masu koyar da lissafi injiniya suka karanta, ko akanta, ko kimiyyar sinadarai. Ba abin kunya ba ne, amma ba wanda zai faɗa a gaban mai makaranta.

A rubuta maudu'an zangon a takarda, kowa ya sa alama a ɓoye ba suna: wannan zan iya koya wa wani, wannan ina lallaɓawa, wannan ina buƙatar taimako. Duk maudu'in da alamar taimako ta fi yawa a kansa, a ware masa minti 20, kowa ya warware tambayoyi biyu na jarrabawar baya da hannunsa, shiru, kamar ɗalibi, sannan a kwatanta hanyoyi. A nan sau da yawa ɗan bautar ƙasa da ya fito jami'a jiya yake fin kowa. A ba shi alli. Al'adarmu ta girmama na gaba tana da kyau, sai dai a taron sashe takan sa ƙarami ya yi shiru har a tashi. Don haka a juya tsarin magana: mafi ƙarancin shekaru a aiki ya fara, shugaba ya rufe.

Maki kowa da mudunsa

Takarda ta biyu ta lissafi a WAEC awa biyu da rabi ce, tambayoyi biyar na dole, sai a zaɓi biyar cikin takwas. Masu gyara suna raba maki ne: akwai na M don hanyar da aka bi, na A don daidaiton amsa, wanda ba a samunsa sai an ci na hanya, da na B mai zaman kansa. A makarantu da yawa kuwa, wani malami amsar ƙarshe kawai yake dubawa, wani yana ba da makin tausayi. Idan aka zo kwatanta azuzuwa, 60 na wannan ba ita ce 60 ta wancan ba, kuma duk maganar ci gaba ta rushe.

A ɗauki takardu biyar, a yi hotonsu, kowa ya gyara shi kaɗai da jadawalin maki ɗaya. A rubuta makin kowa a allo. Inda tazara ta wuce maki biyu a tambaya mai maki takwas, a tsaya a gano dalili: an yafe rashin rubuta santimita ne, ko an hukunta yaro sau biyu a kan kuskure ɗaya da ya biyo shi zuwa ƙasa, ko an amince da wanda ya taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki? In akwai mai zuwa gyaran WAEC ko NECO a cikinku, wannan zama nasa ne. Rahoton manyan masu gyara da WAEC ke fitarwa shi ma yana lissafa inda ɗalibai suka fi faɗuwa tambaya bayan tambaya, kuma daga nan ne ya fi sauƙi a tsamo tambayoyin gwaji biyar ɗin nan.

"Mu haɗu bayan an tashi"

A Legas wannan magana ba ta da ƙafa. Mai komawa Ikorodu ko Sango-Ota na lissafin gosulo tun kafin ƙararrawa, wani na da lesin ƙarfe huɗu, wata za ta ɗauko yara daga Islamiyya. Taro biyu za a yi, na uku mutum biyu ne za su zo. Juma'a kuwa kada ma a fara. Lokacin zama a cikin jadawalin darussa yake: a nemi mataimakin firinsifal mai kula da karatu tun kafin ya tsara jadawalin zango, ya bar darasi ɗaya a mako wanda duk malaman lissafi ba su da aji. Bayan an manna jadawali a bango, roƙon ya makara.

Makarantar da malaminta na lissafi ɗaya ne, kamar yadda yake a ƙananan makarantun unguwa da yawa, sai ya haɗa kai da na makarantu biyu ko uku na kusa, a haɗu Asabar ɗaya cikin biyu. Tunda jihar na da tsarin aikin zango na bai ɗaya da kalandar karatu guda, mafi yawanci za a tarar ana kan maudu'i ɗaya. Zauren WhatsApp na da amfani wajen tura hoton aikin ɗalibi, an rufe sunansa, da tambayar "me kuke ganin yaron nan ke tunani?" In aka bar shi sakaka, cikin wata guda zai koma wurin barka da Juma'a da tallan atamfa.

Ƙwarin gwiwar da ba shi da tushe

A tarukan horar da malamai ana yawan ambato lambar 1.57, ma'aunin girman tasirin da masanin ilimi John Hattie ya ba ƙwarin gwiwar tarayya a jerinsa na abubuwan da ke tasiri a karatu, inda 0.40 ke matsayin matsakaici. Lambar ta samo asali ne daga aikin mai bincike Rachel Eells na 2011, wanda ya tattara bincike 26. Abin da waɗannan bincike suka nuna shi ne ƙwarin gwiwar malamai da sakamakon ɗalibai na tafiya tare. Ba su ce ɗaya ne kaɗai ke jan ɗaya ba: makarantar da ɗalibanta ke cin jarrabawa, dole malamanta su ji za su iya. Shugaban da ya ji wannan lamba ya dawo ya tara malamai yana musu huɗubar "ku yarda da kanku," ya kama reshe ya bar tushe. Haka wanda ya wajabta taro, ya ƙayyade abin da za a faɗa, ya sa a kawo masa rahoto. Masanin ilimi Andy Hargreaves ya kira irin wannan zumuncin dole, kuma malamai na gane shi daga nesa: za su zo, su sa hannu, su yi shiru.

Abu biyu kuma suna gurɓata ma'aunin. Na farko, manna sakamakon azuzuwa da sunan malamai, wane na ɗaya wane na ƙarshe. Daga ranar, wanda ya gano dabara zai ɓoye ta, kuma kowa zai fara neman a tura masu rauni ajin wani. Alƙaluman da za a tattauna na aji ne gaba ɗaya: 'yan SS1 nawa ke rubuta 2/5 a makon farko, nawa a mako na biyar. Na biyu, taimakon ɗakin jarrabawa. Makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo za ta ga A1 da B3 a takarda, amma malamanta sun san yadda aka yi, kuma ba abin da ke gaya wa malami "ba za ka iya ba" kamar a nuna masa sai an yi wa ɗalibansa sata za su samu C6.

Wani zagayen kuma ba zai ba da komai ba. A yi mako shida, tsibin 2/5 ya ragu da takarda biyu kacal. A faɗi haka ƙarara, a ɗauko yara uku daga tsibin a zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, a ce su yi aikin da baki a ji tunaninsu. Galibi a nan ake gano cewa ramin ya fi zurfi, watakila jadawalin ninkawa ne ma bai zauna ba, sai zagaye na gaba ya koma can.

Duk abin da aka yi, a ajiye shi a fayil ɗaya a ɗakin malamai: tambayoyi biyar ɗin, adadin kowane tsibi kafin da bayan, darasin da aka gyara, da shafin maganganun da aka daina faɗa. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, malamin makarantar kuɗi kan tafi tsakiyar zango in ya samu inda ya fi albashi, na gwamnati kuma ana iya yi masa canjin wuri. Wanda ya zo a madadinsa, a ranarsa ta farko a miƙa masa fayil ɗin tare da jadawalinsa. Bayan dogon hutu kuma, a makon farko na dawowa, a sake ba yaran tambayoyi biyar ɗin da sababbin lambobi, a rubuta adadin a shafi na gaba.